An tare min kiret 40 a hanyar Jos: wace doka ce ta hana sayar da giya a Bauchi?

"Barista, barka da aiki. Ni Kirista ne, haifaffen jihar Bauchi. Ina da ɗan gidan abinci a gefen gari da na gada wurin mahaifina, muna sayar da farfesu da gasasshen kifi da giyar kwalba. Bana sau uku ina zuwa sabunta lasisi ana ce min in dawo. Ana cikin haka aka tare motar da ta ɗauko min kiret 40 a hanyar Jos, aka sauke kayan, ko takarda ba a ba direba ba. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne, gwamnatin tarayya ba ta haramta giya ba, kamfanoni suna biyan haraji, jiharmu kuma tana karɓar kasonta na VAT, harajin da ake ɗorawa a kan kayan saye, duk wata. To da wane dalili jiha za ta hana ni neman abincina? Ina zan nufa?"

Ɗan'uwa, barka kadai, Allah ya mayar da alheri. Tambayarka ɗaya ce a baki, amma uku ce a kotu: ko jiha tana da ikon taƙaita sayar da giya, ko dokar da ta yi ta hau kanka kai da ba Musulmi ba, da kuma ko waɗanda suka sauke maka kaya sun bi ƙa'ida. Amsar ta farko ba za ta yi maka daɗi ba. Ta biyu sai an ga takarda. Ta uku ce take da nama, kuma a kanta ya kamata ka kashe kuɗin lauya. Ga masu karatu Musulmi, hukuncin giya a addini a fili yake, ba shi ake tattaunawa ba. Maganar dokar ƙasa ce da haƙƙin ɗan kasuwar da ba Musulmi ba.

Hanin ya girmi 1999

Mutane da yawa sun ɗauka cewa taƙaita giya a Arewa ya faro ne da shari'ar da Ahmed Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar a Gusau a Oktoban 1999. Ba haka ba ne. Tun yarjejeniyar Brussels ta 1890 Turawa suka amince a tsakaninsu da hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, musamman na Musulmi, Gwamna Lugga na mulkin mallaka kuma ya riƙe wannan a Arewa. Dokar giya ta 1917 ta kasa Najeriya kashi-kashi: inda aka hana, inda ake sayarwa da lasisi, da inda aka taƙaita. Arewa ta faɗa cikin inda aka hana. Daga baya aka riƙa sassautawa a Sabon Gari da unguwannin ma'aikata da kulob-kulob na Turawa. Final Kod, kundin laifuka na Arewa da ya fara aiki a 1960, shi ma ya zo da nasa: sashe na 401 ya hukunta maye a bainar jama'a ga kowa da kowa, sashe na 403 kuma ya hukunta Musulmin da ya sha giya ba don magani ba. Wato shekara arba'in kafin Zamfara, dokar Arewa ta riga ta bambanta Musulmi da wanda ba Musulmi ba a wannan batu, kuma a ƙarƙashin wannan tsarin aka buɗe kamfanin giya a Kakuri, Kaduna, a 1963.

Jihar Bauchi da aka ƙirƙiro a 1976 ta gaji waɗannan dokoki, Gombe kuma ta tafi da su lokacin da aka cire ta daga Bauchi a 1996. Da guguwar shari'a ta zo, jihohi 12 suka shiga, Bauchi ta yi nata kundin a 2001 zamanin Ahmadu Adamu Mu'azu, ta kafa hukumar shari'a. Abin da ya faru shi ne an ɗora sabuwar doka a kan tsohuwa, ba a share ta ƙasan ba. Shi ya sa yau mai gidan giya a Bauchi yake zaune ƙarƙashin rufi hawa uku, kowanne da inda yake yoyo.

Ikon jiha da na ƙaramar hukuma

Kundin tsarin mulki na 1999 ya lissafa abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka. Harajin kwastan da harajin kayan masana'anta suna ciki, kasuwanci tsakanin jiha da jiha yana ciki. Sayar da giya a cikin gari ba ya ciki. Duk abin da ba a ba tarayya ba, sashe na 4(7) ya bar wa majalisar jiha. Bayan haka, jadawali na huɗu da ya jero ayyukan ƙananan hukumomi ya ambaci ba da lasisin giya da kula da sayar da ita da sunansa, kusa da shaguna da gidajen abinci da gidajen wanki. Dokar haraji ta 1998 da ta raba wa matakan gwamnati abin da kowa zai karɓa ita ma ta saka kuɗin lasisin giya, na sha a wurin da na saye a tafi, cikin kason ƙaramar hukuma.

Don haka cewa tarayya ba ta haramta ba, gaskiya ne, amma ba ya ɗaure jiha. Rajistar NAFDAC da ke jikin kwalba tana cewa abin da ke ciki ya cika ƙa'idar lafiya, ba ta ce ka sayar da shi a kowace unguwa ba. Idan lauya ya tashi da hujjar 'yancin addini ta sashe na 38 ko ta hana nuna bambanci ta sashe na 42, lauyan gwamnati zai tare shi da sashe na 45, wanda ya halatta taƙaita wasu haƙƙoƙi, ciki har da na sashe na 38, saboda zaman lafiya da tarbiyyar jama'a da lafiyarsu. Zai kuma ce sayar da giya ba ibada ba ce a Kiristanci. Hujjar sashe na 10, wanda ya hana jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati, ana ta jefa ta tun 2000 a jaridu, amma dokokin suna nan suna aiki. Ba ƙaramin ɗan kasuwa mai kiret 40 ba ne zai ɗauki nauyin wannan shari'ar har Kotun Ƙoli.

Wa dokar ta hau?

Hawa na farko shi ne kundin laifuka na shari'a. Wannan na Musulmi ne. Haddin shan giya a mazhabar Malikiyya bulala 80 ne, kuma kundin Zamfara da jihohi da dama suka bi sawunsa ya ƙara hukuncin ta'aziri ga mai yin ta da mai ɗaukarta da mai sayarwa da mai ba da wurin ajiya: bulala har 40 ko ɗauri har wata 6. Kotun shari'ar Musulunci ba ta da hurumi a kanka sai da amincewarka. A nan ne mutane ke yanka kansu da hannunsu. An kama mutum da yamma, ana ce masa ya sa hannu a gama magana yau ya kwana a gida, sai ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, ashe amincewa ce da hurumin kotun, ko amsa laifi. Kada ka sa hannu a komai sai lauyanka ya gani. Ka faɗi addininka tun a bayanin farko, ka nemi a kai ka kotun majistare.

Amma ka lura da wani abu da masu gidajen giya ke mantawa. Kariyar taka ce kai kaɗai. Idan direban motar Musulmi ne, ko yaron da ke sauke kaya, ko mai gidan da kake haya, kundin ya hau su, domin ɗauka da ba da wuri laifi ne a cikinsa. Sau da yawa kamun da ake yi a hanya ta wannan ƙofar yake shigowa: ba mai kaya aka kama ba, direba aka kama, kaya kuma suka zama shaida. Tambayarka ba ta faɗi ko wanene direban ba, kuma wannan na iya sauya amsar gaba ɗaya.

Hawa na biyu shi ne dokar lasisin giya ta jiha, wadda ba ruwanta da addinin kowa. Sayarwa babu lasisi laifi ne ga Kirista da Musulmi da wanda ba ya bin ko ɗaya. Jihohi sun bambanta a nan. Kano ta gyara Final Kod ɗinta a 2004 yadda hanin ya game kowa, shi ya sa kake ganin hotunan katafila tana murƙushe kwalabe, har kusan miliyan 4 a lokaci guda a farkon 2022. Bauchi da Gombe kuwa suna da yankuna masu yawan Kiristoci, irin su Tafawa Ɓalewa da Bogoro, da Billiri da Kaltungo da Shongom, inda burkutun dawa yake cikin biki da gayya tun kaka da kakanni. Abin da ake yi a Azare ko Misau daban yake da abin da ake yi a Bogoro, alhali jiha ɗaya ce.

Hawa na uku shi ne dokar ƙaramar hukuma, kuma ita ce ta fi cizo duk da ita ce mutane suka fi jahilta. Ita ke faɗin unguwannin da aka yarda, nisa daga masallaci da coci da makaranta, lokacin buɗewa da rufewa. Wani lokaci ma babu dokar, umarnin baki ne kawai na shugaba ko sanarwar rediyo. Sashe na 36(12) na kundin tsarin mulki ya ce ba a hukunta mutum sai a kan laifin da aka fayyace a rubutacciyar doka, aka kuma faɗi hukuncinsa a ciki. Sanarwa ba doka ba ce, shawarar taron masu unguwanni ba doka ba ce. Tambayar farko da lauyanka zai yi, a rubuce, ita ce: wace doka, wane sashe, yaushe aka zartar da ita?

Za ka ce ai ana sayarwa a kasuwar mami ta barikin Shadawanka ba wanda ya tanka. Haka ne. Bariki filin tarayya ne da ke hannun soja, jami'an jiha ba sa shiga aiki a ciki. Wannan ba ya ba ka komai a wajen ƙofar barikin.

Maganar VAT

Wannan ita ce hujjar da ta fi shiga rai, kuma ita ce ta fi rauni a gaban alƙali. An kafa VAT a 1993, ya fara aiki a 1994 da kashi 5 cikin 100, aka mayar da shi 7.5 a Fabrairun 2020. Ana tara shi a tukunya ɗaya, ba a ware na giya daban da na siminti ko na katin waya, sannan a raba. Shekaru da yawa rabon shi ne 15 ga tarayya, 50 ga jihohi, 35 ga ƙananan hukumomi, sabuwar dokar haraji ta 2025 ta mayar da shi 10 da 55 da 35. Lokacin da Nyesom Wike yake gwamnan Ribas ya yi nasara a babbar kotun tarayya ta Fatakwal a 2021 kan cewa jiha ce ya kamata ta karɓi VAT, kuma maganar jihohin da ke fasa kwalba suna cin kuɗinta ta yi tashe sosai a lokacin. A siyasance magana ce mai nauyi, ni ma ina ganin akwai abin dubawa a cikinta. Sai dai babu wani sashe da ya ce karɓar kason VAT ya wajabta wa jiha barin a sayar da duk abin da aka karɓi haraji a kansa. Mai kare jihar ma zai ce maka hatsi da tumatir da dabbobin da ake lodi daga Arewa zuwa kudu ba a saka musu VAT, don haka lissafin wa ya ci na wa ba ya ƙarewa. Ka bar wannan ga 'yan majalisa. Ba za ta dawo maka da kwalba ko ɗaya ba.

Kiret 40 ɗinka

Nan ne kake da ƙafar tsayawa. Kiret na manyan kwalabe 12 ne, wato kwalba 480. Asararka ba ruwan ciki kaɗai ba ne: kwalaben da kiret ɗin kansu akwai kuɗin ajiya a kansu wurin dila, idan aka farfasa su kai za a bi. Ka sa wannan cikin lissafi tun yanzu, da kuɗin motar.

Doka ta yarda jami'i mai hurumi ya riƙe kayan da ake zargin an yi laifi da su. Ba ta yarda ya riƙe su babu rubutu ba, ba ta kuma yarda ya lalata su ko ya sayar ba tare da umarnin kotu ba. Sashe na 44 na kundin tsarin mulki ya kare dukiyarka. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu, ta ce a rubuta jerin abin da aka karɓa daga wanda aka kama, a sa hannu, a ba shi kwafi. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka tsare kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in ba haka ba kwana biyu. Sauke kaya a bakin titi babu takarda ya saɓa wa wannan tsari ko da a ce kai ma kana da laifi.

Ga abin yi, kuma da gaggawa. Ka zaunar da direba yau ya faɗi rana da lokaci da wurin da aka tare shi, kalar kakin mutanen, lambar motarsu idan ya gani, da inda aka nufa da kayan, a rubuta ya sa hannu. Bayan mako biyu zai fara rikita garuruwan hanya, ya haɗa Nabordo da Toro. Ka karɓo kwafin rasit da takardar rakiyar kaya daga dila, mai ɗauke da sunanka da adadin kiret da lambar mota. Sai lauya ya rubuta wa shugaban hukumar da ta yi kamun, ya nemi a faɗi dokar da aka dogara da ita, da inda kayan suke, da kotun da aka kai maganar, ya ba da wa'adin kwana 7, a buga hatimin karɓa a kwafinku. Idan an kai kotu, ana neman alƙali ya saki kayan a kan beli ko ya hana a taɓa su har a gama shari'a. Idan ba a kai ba, ana shigar da ƙarar tauye haƙƙi a babbar kotun jiha bisa sashe na 46 na kundin tsarin mulki da ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009.

Agogo yana gudu. Dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata 3 kacal a shigar da ƙara kan abin da jami'i ya yi a bakin aikinsa, kuma ƙarar ƙaramar hukuma yawanci sai an fara ba ta sanarwar niyya. A aikin lauya, ƙararrakin da ke mutuwa a irin wannan ba rashin gaskiya ke kashe su ba. Mai kaya ne ke shafe wata huɗu yana bin wani mai hanya da ya ce zai fito masa da su, sai ya zo ofis bayan wa'adi ya wuce, kuɗin da ya ba mai hanyar kuma babu rasit. Giyar ma tana da ranar lalacewa a jikin kwalba, wadda ta yi watanni a rana ko an saki ba ta sayuwa.

Rauninka shi ne lasisin. Idan ya ƙare kafin ranar kamun, za a ce kayan na sayarwa ne ba bisa ƙa'ida ba. Da motar wucewa take yi, a ce daga Jos za ta bi Alkaleri da Gombe da Kaltungo zuwa Numan, takarda kuma ta nuna haka, da hujjar kasuwanci tsakanin jihohi ta yi ƙarfi sosai. Taka a Bauchi za a sauke, don haka lasisin wurin saukewa shi ne komai.

Sabunta lasisi

Zuwa sau uku da baki daidai yake da rashin zuwa, domin ba abin da zai nuna ka je. Ka rubuta takardar neman sabuntawa da kwanan wata, ka haɗa kwafin tsohon lasisi, rasit ɗin shekarun baya, takardar haya ko ta mallakar wurin, da shaidar duba-gari. Ka biya a banki cikin asusun hukuma, kada ka ba kowa a hannu. Ka nemi amsa a rubuce, ko ta ƙi ce. Takardar ƙi ta fi maka amfani a kan "ka dawo gobe", domin da ita ake zuwa babbar kotu a nemi ta duba dalilin, ko ta tilasta wa hukuma ta yanke shawara. Kotu ba ta cika cewa lallai a ba ka ba, tana cewa ne lallai a saurare ka a ba ka dalili.

Ka duba tsohon lasisin da kyau. Lasisi na mutum ɗaya ne a wuri ɗaya. Tunda gado ka yi, idan har yanzu sunan marigayi ne a kai, ba sabuntawa kake buƙata ba, sauya suna ne ko sabon nema, kuma wataƙila abin da ake ta kewaye-kewaye a kai ke nan. Ka duba kuma ko na sha a wurin ne ko na saye a tafi, domin mai na biyu da ya ajiye kujeru ya karya sharaɗi. Sannan garin Bauchi ya faɗaɗa. Wurin da yake gefen gari zamanin mahaifinka yau wataƙila yana tsakiyar gidaje, da Islamiyya a bayan katanga. Ƙorafin maƙwabta kan kiɗa da fitsari a lungu da faɗan 'yan maye shi ne ya fi rufe gidajen giya, fiye da wa'azi. Katanga mai tsayi, ƙofa da ba ta kallon titi, bayi mai ruwa, kashe kiɗa da wuri, da ƙin sayar wa yara da wanda ya riga ya bugu, su ne ke hana a tara sa hannu a kanka. Har a ba ka amsa, ka tsaya a farfesu da kifi da lemo. Kamu na biyu babu lasisi zai ɓata ƙarar ta farko.

Ra'ayina a kan tsarin kansa shi ne duhun ya fi hanin illa. Inda aka ce an hana, kowa ya san matsayinsa. Inda aka ce an yarda a unguwa kaza da sharaɗi kaza, shi ma haka. Amma inda ba a hana a takarda ba, ba a kuma ba da lasisi, nan ne na goro ke maye gurbin kuɗin shiga, masu sha kuma su koma ogogoro, barasar da ake dafawa a gida, a jarka, wadda ƙarfinta kan kai kashi 40 ko fiye alhali giyar kwalba kusan 5 ce, ba kuma wanda ya san abin da aka zuba a ciki. A 2015 irin wannan haɗin mai guba ya kashe mutane da dama a Ode-Irele ta jihar Ondo da kuma jihar Ribas. Idan ku masu sana'ar kuna da ƙungiya, abin da ya fi dacewa ku nema wurin kansila da ɗan majalisar jiha shi ne a buga dokar ƙaramar hukumar, a fayyace unguwanni da kuɗi da wa'adin amsa. Wannan buƙata ce da limami da fasto za su iya zama a kanta a ɗaki ɗaya.

Amsa daga nesa ba ta maye gurbin lauyan da zai riƙe takardunka a hannu. Idan za ka je wurinsa, ka tafi da tsohon lasisin na asali, rasit ɗin dila, bayanin direba, da direban kansa. Idan kuɗin lauya ya yi maka nauyi, ka fara da ofishin hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya ko na hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da ke cikin garin Bauchi, ka kuma ƙirga wata ukun daga ranar da aka sauke kayan, ba daga ranar da ka ji labari ba.